Daga littafin Jupyter zuwa manhajar da jama'a za su buɗe lokaci guda

An gina littafin Jupyter, wato shafin da ake rubuta kod a akwati-akwati ana gudanar da kowanne a ga sakamakonsa, don mutum ɗaya ne. Mai shi ya san akwatin da ya gudanar da farko, ya san wanda ya tsallake, ya kuma san cewa in zane ya ƙi fitowa sai ya koma sama ya sake danna akwati na uku. Duk wannan sanin yana kansa ne, ba ya cikin fayil ɗin. Ranar da aka ce a mayar da littafin manhaja, a tura wa mutum hamsin adireshi su buɗe a wayoyinsu, ranar ce wannan giɓin yake fitowa fili. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne tambaya guda: zaɓin da mai amfani ya yi, da bayanan da aka loda dominsa, a ina suke zaune, kuma na wa ne? Kusan duk matsalar da za a ci karo da ita daga wannan tambayar take tasowa, kuma amsarta ce ke raba Voilà da Panel da Streamlit da Dash, kayan aikin da ake gina irin wannan manhaja da su a Python.

Za mu yi aiki da misali ɗaya har ƙarshe: allon farashin hatsi, inda mutum zai zaɓi jiha, ƙaramar hukuma, kasuwa, irin hatsi da tazarar shekaru, sannan ya ga zanen yadda farashi ya motsa.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashi

Fayil ɗin littafin, wato `.ipynb`, rubutu ne kawai a tsarin ajiye bayanai na JSON, yana ɗauke da kod da sakamakon da ya fito a baya. Ba shi ke lissafi ba. Mai lissafin shi ne kanel, wato shirin Python da ke gudana a gefe. Burauza tana magana da sabar ta hanyar WebSocket, wata igiyar sadarwa da ke zama a buɗe tsakaninsu, sabar kuma tana magana da kanel ta ZeroMQ. Wannan tsarin ya samo asali daga IPython da Fernando Pérez ya fara a 2001, aka ƙara masa littafi a 2011, sannan aka ware Jupyter a 2014.

Kowane wijet, wato maɓallin da laburaren ipywidgets ke sa wa a allo, sandar ja ce ko jerin zaɓi, yana da jiki biyu: ɗaya a Python cikin kanel, ɗaya a JavaScript cikin burauza. In mutum ya ja sandar, burauza ta aika saƙo, kanel ya sabunta nasa, ya kira duk fankshin ɗin da aka ɗaura da `observe`. Abu biyu za a lura da su. Kanel yana karɓar saƙonnin nan ɗaya bayan ɗaya ne, don haka fankshin ɗin da ke cin daƙiƙa biyar yana tsayar da komai na daƙiƙa biyar. Na biyu, in igiyar WebSocket ta tsinke, maɓallan za su ci gaba da motsi a allo amma babu abin da zai amsa, kuma mai amfani ba lallai ya ga wani gargaɗi ba.

Kafin a zaɓi kowane kayan aiki

A sake kunna kanel, a gudanar da littafin daga sama har ƙasa. In bai wuce ba, ba a shirya yin manhaja ba. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. A wani bincike da João Felipe Pimentel da abokan aikinsa suka wallafa a 2019, sun tattaro littattafai kusan miliyan 1.4 daga GitHub. Cikin waɗanda suka gwada gudanarwa, kusan kashi 24 cikin ɗari ne suka kai ƙarshe ba kuskure, kuma kusan kashi 4 ne kacal suka maimaita sakamakon da ke ajiye a cikinsu. Dalilan sanannu ne: bariyabul ɗin da aka goge akwatinsa amma yana nan raye a kanel, fayil ɗin da ke kan kwamfutar mai littafin kaɗai, laburaren da ba a rubuta sigarsa ba.

Mataki na biyu shi ne wanda mutane suka fi ƙi, kuma shi ya fi amfani: a kwashe duk aikin lissafi daga littafin zuwa fayil ɗin `.py`. Loda bayanai, tacewa, haɗa matsakaicin wata, duk su zama fankshin masu karɓar abu su mayar da abu, ba tare da sun taɓa wijet ko bariyabul na waje ba. Misali `tace(df, kasuwa, hatsi, shekaru)` ya dawo da tebur, shi ke nan. Littafin sai ya rage da shimfiɗa maɓallai da haɗa su da waɗannan fankshin. Ribar tana da yawa: ana iya gwada su da pytest, kayan gwajin kod na Python, kuma ranar da aka gane Voilà ba zai ɗauki jama'ar da ake da su ba, ƙaura zuwa Panel ko Dash ba za ta shafi lissafin ba ko kaɗan.

Ga wanda ke ajiye aikinsa a Git, ma'ajiyar tarihin sauye-sauyen kod, nbstripout yana share sakamako daga littafi kafin a adana, jupytext kuma yana haɗa littafin da tagwayensa na rubutu zalla. Ba don tsafta kawai ba: sakamakon da aka manta a akwati kan ɗauke da layukan bayanan mutane ko kalmar sirri da aka taɓa bugawa don dubawa.

Inda manhaja ke fara rikicewa

Sandar ja ɗaya da zane ɗaya kowa zai iya. Wahalar tana farawa ne da maɓallan da suka dogara da juna. A ce mai amfani yana kan Katsina, ƙaramar hukumar Funtua, sai ya sauya jiha zuwa Kano don ya duba kasuwar Dawanau da ke Dawakin Tofa. Sauya jiha zai sauya jerin ƙananan hukumomi daga 34 na Katsina zuwa 44 na Kano. Sauya jerin zai sauya zaɓin da ke ciki. Wannan kuma zai sauya jerin kasuwanni. In an ɗaura fankshin ɗin zane a kan kowane maɓalli, za a kira shi sau uku ko fiye a dannawa ɗaya, kuma a kiran farko jiha Kano ce amma ƙaramar hukuma har yanzu Funtua ce. Tacewa ta dawo da tebur fanko, layin da ke neman mafi tsadar farashi ya faɗi.

Abin takaicin shi ne kuskuren da ya faru cikin irin wannan fankshin ba ya fitowa a ƙarƙashin akwati kamar yadda aka saba. A JupyterLab yana tafiya ne can allon rahoto, a manhajar da aka saki kuwa mai amfani bai ga komai ba sai zanen da ya ƙi sauyawa. Lokacin gini, a ƙirƙiri wijet ɗin `Output` a lulluɓe fankshin ɗin da `capture()` nasa, kuskure zai fito fili. Bayan saki kuma a yi amfani da `logging`, a daina dogaro da `print`.

Gyaran farko mai sauƙi ne: a riƙa ba `observe` hujjar `names="value"` (hujja ita ce ƙimar da ake miƙa wa fankshin). In ba a ba shi ba, jerin zaɓi zai kira fankshin ɗin a kan sauyin `index` da `label` da `value`, kowanne daban. Gyara na gaskiya kuwa shi ne a daina barin maɓallai su riƙa kiran juna. A tara zaɓin mai amfani a wuri ɗaya, a sami fankshin ɗaya da ke karɓar sauyi ya daidaita sauran, wato in jiha ta sauya ya zaɓi ƙaramar hukuma da kasuwa da suka dace, sannan sai a yi zane sau ɗaya a ƙarshe. A traitlets akwai `hold_trait_notifications()` don riƙe sanarwa har a gama sauye-sauye a kan abu ɗaya. A Panel, laburaren Param yana ba da `param.update()` da ke sauya ƙimomi da yawa a tare. Solara, wanda Maarten Breddels ke cikin maginansa, ya ɗauko salon React, laburaren JavaScript na gina shafuka, gaba ɗaya ne saboda wannan matsalar: ana bayyana yadda allo zai kasance bisa zaɓin da ake da shi yanzu, laburaren ya kula da wane wijet zai sauya. A ganina, da zarar maɓallai masu dogaro da juna sun wuce huɗu ko biyar, `observe` na hannu ya gama amfaninsa.

Sai batun sandar ja. Yadda take zuwa, tana aika saƙo a kowane ɗan motsi, kanel kuma ya jera su yana amsawa ɗaya-ɗaya, har zane ya ci gaba da sauyawa bayan mutum ya ɗaga yatsa. A ipywidgets a sa `continuous_update=False`. A Panel a ɗaura a kan `value_throttled`. Kuma kada a share zane a sake zana sabo a kowane sauyi, allo zai riƙa ƙiftawa. A sabunta bayanan da ke cikin zanen da ake da shi:

```python
def sabunta(canji):
    d = tace(df, kasuwa.value, hatsi.value, shekaru.value)
    with zane.batch_update():
        zane.data[0].x = d["wata"]
        zane.data[0].y = d["farashi"]
```

Nan `zane` FigureWidget ne na Plotly, laburaren zane. Mai amfani da matplotlib ya sani cewa `plt.subplots()` yana ajiye kowane zane a ƙwaƙwalwa har sai an rufe shi. Laburaren yana gargaɗi in sun haura 20, amma a sabar ba mai karanta gargaɗin. A kira `plt.close(fig)`, ko a gina zanen kai tsaye da `matplotlib.figure.Figure`.

Voilà: kowa da kanel ɗinsa

Voilà, wanda QuantStack suka fitar a 2019, shi ne hanya mafi gajarta. Umarnin `voila farashi.ipynb` ya isa, shafi ya buɗe a tashar 8866. Yana gudanar da littafin daga sama zuwa ƙasa, ya ɓoye kod, ya nuna sakamako da maɓallai, kuma ba ya barin burauza ta aiko da kod ɗin da take so a gudanar.

Kowane baƙo da ya buɗe shafin ana kunna masa kanel nasa. Kamar a ce duk wanda ya shigo gida sai an ɗora masa tukunyarsa: babu mai cin rabon wani, amma itace ba ya jimawa. Lissafin a fili yake. In kanel ɗaya, bayan ya shigo da pandas, laburaren sarrafa tebur, ya loda tebur, yana cin megabait 400, sabar mai gigabait 4 ba za ta ɗauki mutum goma a tare ba. Wanda ya buɗe shafin a wuri biyu mutum biyu ne a idon Voilà. A auna ainihin abin da kanel ɗaya ke ci kafin a yi hayar sabar, kada a yi ƙiyasi.

Matsala ta biyu ita ce kanel marayu. Mai waya ba ya rufe shafi, fita kawai yake yi, ko netwok ya ɗauke masa, kanel ɗinsa ya zauna yana riƙe da ƙwaƙwalwa. Share kanel ɗin da ba ya aiki a kashe yake tun asali, sai an kunna shi:

```
voila farashi.ipynb \
  --MappingKernelManager.cull_idle_timeout=600 \
  --MappingKernelManager.cull_interval=60
```

Wato kowane minti ɗaya a duba, wanda ya yi minti goma ba motsi a kashe shi. Ta uku ita ce jiran farko, tunda sai littafin ya gama gudana kafin baƙo ya ga wani abu. `--preheat_kernel=True` tare da `--pool_size` yana ajiye 'yan kanel a ɗumame, sai dai su ma ƙwaƙwalwa suke ci tun kafin kowa ya zo. Don ofishi mai mutum goma sha, Voilà ya wadatar. Don adireshin da za a jefa a zauren WhatsApp, ban ba da shawararsa ba.

Panel da tarkon abin da aka raba

Panel na HoloViz shi ma yana karɓar littafi kai tsaye: a sa `.servable()` a kan abin da ake so ya fito, a gudanar da `panel serve farashi.ipynb`, tasha 5006. Bambancin shi ne baƙi duka suna cikin shirin Python guda. Kod ɗin littafin yana sake gudana ga kowane baƙo, amma duk fayil ɗin da aka shigo da shi da `import` sau ɗaya yake gudana. Wannan ne ke ba da damar loda tebur sau ɗaya da `pn.cache` kowa ya karanta, ƙwaƙwalwa ta sauƙaƙa sosai.

Nan kuma tarkon yake. Wanda ya bi shawarar kwashe kod zuwa `.py` ya wuce gona da iri, ya ƙirƙiri maɓallansa a saman wannan fayil ɗin, zai wayi gari mutum a Kano ya zaɓi gero, allon wani a Maraɗi ya koma gero. A gwajin mutum ɗaya ba a taɓa ganin wannan, sai an buɗe shafin a burauza biyu. Maɓallai da zaɓin mai amfani dole a haife su cikin fankshin ɗin da ake kira ga kowane baƙo. Haka nan teburin da aka ajiye a `pn.cache` abu ɗaya ne ake miƙa wa kowa, don haka layi guda mai `inplace=True`, ko ƙara kolam a cikinsa, ya ɓata shi ga dukkan jama'a har sai an sake kunna sabar. Teburin da aka raba na karatu ne kawai.

Tunda shiri ɗaya ne, lissafi mai nauyi na mutum ɗaya yana iya tsayar da kowa. `--num-threads` da `--num-procs` suna rage wannan, ko da yake na biyun ba ya aiki a Windows, kuma kowane shiri zai riƙe nasa kwafin teburin.

Streamlit da Dash ba littafi suke ci ba, fayil ɗin `.py` suke so, amma wanda ya riga ya ware lissafinsa ba zai sha wuya ba. Streamlit yana sake gudanar da rubutun gaba ɗaya a kowace dannawa, abin da ake so ya tsira sai a sa shi a `st.session_state`. A can `st.cache_data` kwafi yake bayarwa, `st.cache_resource` kuma abu ɗaya ga kowa, ruɗa su yana jawo irin ɓarnar da muka faɗa. Dash na Plotly ya bi wata hanya daban: sabar ba ta tuna kowa, zaɓi yana zaune a burauza, kowace dannawa buƙata ce ta HTTP mai zaman kanta. Rubutunsa ya fi tsawo, amma inda netwok ke zuwa yana ɗaukewa wannan siffar tana da daraja, domin buƙatar da ta faɗi ba ta kashe zaman ba, mutum ya sake dannawa kawai. Akwai kuma marimo, wanda ya gyara littafin kansa: yana bin wane akwati ya dogara da wane, ya sake gudanar da su da kansa, yana hana a bayyana bariyabul ɗaya a akwati biyu, kuma `marimo run` yana mayar da shi manhaja.

Nauyin abin da ake aikawa

Maki miliyan ɗaya a kan zane, kowane da lamba biyu masu bait 8, megabait 16 ke nan kafin a ƙara komai, in an juya su JSON kuma sun fi haka. Mai buɗewa da datar waya shi zai biya, burauzarsa kuma ta daskare. Allon waya bai da ɗigon da zai nuna su ma. Farashin shekara goma a matsakaicin wata maki 120 ne kacal ga kowace kasuwa. A tara a sabar, a aika taƙaitacce. In dole sai an nuna maki masu ɗimbin yawa, kamar a taswira, Datashader yana mayar da su hoto a sabar ya aiko da hoton. A kuma bar ajiye tebur a fayil ɗin CSV a koma tsarin Parquet, a karanta kolam ɗin da ake buƙata kaɗai, ko a bar DuckDB ya yi tacewa a kan fayil ɗin ba tare da an loda shi duka ba. In tambayar SQL da ake aika wa DuckDB tana ɗaukar abin da mai amfani ya rubuta, a miƙa shi a matsayin hujja ta daban, kada a liƙa shi cikin rubutun SQL.

Wani ɗan abu da ya shafe mu: sunaye masu ƙ da ɗ da ɓ. In teburin ya bi ta Excel aka adana shi ba da UTF-8 ba, haruffan kan koma alamar tambaya, kasuwa ɗaya ta rabu gida biyu a jerin zaɓi. A ba kowace kasuwa lamba a tace da lambar, suna ya zama na nuni kawai. Fayil ɗin da za a ba mutane su sauke kuma a rubuta shi da `utf-8-sig` don Excel ya gane.

Akwai masu kauce wa sabar gaba ɗaya da Pyodide, ta `panel convert` ko JupyterLite, Python ya gudana cikin burauza. Babu kuɗin sabar, babu kanel marayu, amma baƙo sai ya sauke Python da pandas kafin ya ga komai, kuma duk bayanan suna hannunsa. Bai dace da bayanan sirri ba, bai kuma dace da ƙaramar waya ba.

Ranar saki

Kuskuren da ya fi yawa shi ne shafi ya buɗe, maɓallai su fito, amma ba abin da ke amsawa. Kusan kullum Nginx ne, wato shirin da ke tsaye a gaban sabar yana miƙa mata buƙatun baƙi, bai bar WebSocket ya wuce ba. Yana buƙatar `proxy_http_version 1.1`, da kan saƙo na `Upgrade` da `Connection "upgrade"`. Sannan `proxy_read_timeout` daƙiƙa 60 ne tun asali, igiyar da ta yi shiru fiye da haka ana iya yanke ta, don haka a ɗaga shi. Panel kuma zai ƙi haɗin da ya fito daga sunan da bai sani ba sai an ba shi `--allow-websocket-origin` da sunan shafin. In an kunna sabar fiye da ɗaya a bayan mai raba baƙi tsakanin sabobi, Voilà da Panel da Streamlit duk suna buƙatar a manne kowane baƙo ga sabar da ya fara da ita, tunda a can zamansa yake.

Ɓoye kod ba shi ne kulle ƙofa ba. Duk mai adireshi zai ga bayanan sai an sa shiga da izini, ko ta JupyterHub, ko oauth2-proxy a gaban sabar, ko `--oauth-provider` na Panel. Kalmar sirrin rumbun bayanai ta fito daga muhallin sabar, ba daga akwati ba.

A ƙulle sigar kowane laburare. Saƙon da ke cewa an kasa nuna wijet galibi saɓani ne tsakanin ɓangaren Python da na JavaScript, kuma ya addabi mutane da yawa bayan fitowar ipywidgets 8 a 2022, lokacin da wasu laburare ke kan siga ta 7. Hoton Docker, wato ƙunshin manhaja da duk laburarenta, mai ƙullallun sigogi yana kashe wannan. Kafin kowane saki, `jupyter nbconvert --execute` ya gudanar da littafin a muhalli sabo, sannan a yi gwaji uku da hannu: a buɗe shafin a burauza biyu a sauya zaɓi a ɗaya a duba ko ɗayar ta motsa, a buɗe shi sau goma a rufe ana kallon ƙwaƙwalwar sabar ko ta sauko bayan lokacin sharewa ya cika, a kuma kashe datar waya na rabin minti a kunna a ga ko maɓallan sun dawo aiki ko sai an sake loda shafin. In sai an sake lodawa, a rubuta haka a kan shafin inda mai amfani zai gani.